Suturar Fataken Gwanja: Kayan Hanya da Kayan Shiga Gari

Duk wanda ya ji labarin fataucin goro a ƙarni na 19, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne nisan tafiyar da haɗarinta. Ayari kan tashi daga Kano da rani, ya bi ta Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ke dako, sannan ya gangara ta Yandi har Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne tufafin da waɗannan bayin Allah ke sawa, alhali kuwa rabin sirrin sana'ar yana cikinsu.

Bafatake yana da tufafi iri biyu. Na farko kayan hanya, waɗanda ba a neman komai a gare su sai ƙwari da sauƙi: taguwa ta saƙar gida wadda ke shan gumi, da wando marar nauyi, da takalmin fata mai kauri saboda ƙaya da tsakuwa. A ka kuwa malafa ce ta kaba, mai faɗin da zai rufe har kafaɗu. Mai rawani kan ja amawali ya rufe hanci da baki idan ƙurar hunturu ta taso, da dare kuma mayafi ya zama bargo. Ga zabira a rataye, ga layu a damtse. Matan da ke bin ayari suna dafa abinci su ma ɗaurin ƙirji ne da gammo, sai tafiya.

Na biyun su ne kayan shiga gari, kuma nan ne maganar take. A cikin kayan da aka ɗora wa jaki akwai ƙunshin da ba a kwancewa sai an doshi babban zango. Ciki za a tarar da riga saƙi ko kore wadda ta sha shuni da bugu har tana ƙyalli, ko ta tsamiya mai aikin aska takwas, da rawani ɗan Kura ko farar harsa. Madugu, wanda shi ke zuwa gaban sarakunan hanya ya daidaita kuɗin fito, ba ya yiwuwa ya bayyana a fada da ƙurar daji a jikinsa. Haka ma ƙaramin falke idan zai sauka wurin fatoma. A garin da ba a san uban mutum ba, rigarsa ce ke gabatar da shi, kuma da ita ake auna ko za a ba shi goro bashi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙawa ce kurum. Kuɗin wancan zamani wuri ne, kuma wuri kaya ne mai nauyi. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal guda, keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ke cikinsa. Wa zai yi ta jan irin wannan nauyi wata da watanni? Riga mai tsada kuwa a ninke ta a cusa a burgami, a sa ta ranar Juma'a, idan jaki ya mutu ko ciwo ya kama mutum a hanya a sayar da ita a fita kunya. Wato ado ce, ajiya ce, kuma haja ce. Kasuwarta ba ta yankewa, domin Barth ɗin ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. A ganina, wannan ya sa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe wannan fatauci, suka san darajar zare kamar yadda suka san ta goro.

Al'amarin ya fara sauyawa da yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa Hausawan garin zuwa Karachi da Kumasi da Ankara. Daga baya fatake irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma daga 1912 jirgin ƙasa ya riƙa kawo shi har Kano. Tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki, kuɗin Turawa ya kori wuri, ɗan kasuwa ya riƙa shiga tarago da babbar rigarsa tun daga gida. Malafa kuma ta koma hannun manoma da makiyaya.