Dutsen Santolo da Abin da Kufai Ke Faɗa

Wanda ya tashi daga Achika ta ƙasar Wudil ya shiga ƙasar Dawakin Kudu zai iske duwatsun Santolo, gonaki kewaye da su. Baƙo zai wuce bai san cewa a nan aka taɓa yin garin da ya ja da Kano ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa har zamanin Sarki Yaji (1349-1385) Santolo ba ta bin Kano. Tana da ganuwa da wurin tsafi, kuma ita ce ta tsare hanyar kudu, inda ƙasar noma take. Yaji ya gane muddin tana tsaye, garuruwan kudu ba za su miƙa wuya ba. Sai ya nemi addu'ar Wangarawa, malaman Mali da ke ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, ya fita da su yaƙi, ya ci garin, ya rushe wurin tsafin. Daga nan ne mulkin Kano ya miƙe zuwa kudu.

Amma fa akwai abin lura. Wani littafin, Aslul Wangariyyin, da aka rubuta wajen 1650, ya sa zuwan wannan malami a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), wato bayan Yaji da kimanin shekara ɗari. In haka ne, mai yiwuwa daga baya aka lulluɓe yaƙin neman mulki da rigar addini. Littattafan biyu kuwa duk daga ɓangaren waɗanda suka ci nasara suka fito. Mutanen Santolo ba su bar rubutu ba. Shaidarsu tana cikin ƙasa: katangar tukwane, da kashin ƙarfe, da gurbin gidaje.

A Ayalan ta Arewa, fadar Dunluce da ke bakin teku ta zama kango tun ƙarshen ƙarni na 17, amma hukuma na tsaron ta, masana na haƙa suna gyara abin da littattafai suka faɗa. Santolo ta cancanci haka. Kowace damina garma da zaizayar ruwa suna cin rabonsu, kuma ranar da shaidar ta ƙare, bakin Kano kaɗai zai rage a shari'ar da aka yi tsakanin gari biyu.