Yadda ake ambaton yarjejeniyar ciniki ta ƙasa da ƙasa a dokar Najeriya

Duk lokacin da aka rufe iyaka ko aka sassauta harajin shigo da hatsi, manomin masara a Doguwa da mai casar shinkafa a Tudun Wada sukan ji ’yan siyasa suna cewa “yarjejeniya ce ta tilasta mana”. Ba a tantance wannan iƙirari sai an san wace yarjejeniya ce, wane sashe ne, kuma ko ta zama doka a ƙasar.

Cikakken ambato yana ɗauke da abubuwa huɗu: sunan yarjejeniyar, wuri da ranar sa hannu, ranar da ta fara aiki, da sashen da ake nufi. Alal misali, an sa hannu kan yarjejeniyar kafa yankin ciniki maras shinge na Afirka, AfCFTA, a Kigali ranar 21 ga Maris, 2018, ta fara aiki ranar 30 ga Mayu, 2019. Najeriya ta sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli, 2019, ta miƙa takardar amincewa a Disambar 2020.

Shekara tana da muhimmanci domin suna ɗaya kan rufe takardu biyu. Yarjejeniyar ECOWAS ta Legas ta 1975 daban take da wadda aka sabunta a Kwatano a 1993. Haka GATT ta 1947 da ta 1994.

A kotun Najeriya kuwa, wannan bai isa ba. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi cewa yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada hakan a shari’ar Abacha da Fawehinmi a 2000. Don haka lauya zai ambaci dokar majalisar da babinta a kundin dokokin tarayya. Sai dai a waje, sashe na 27 na Yarjejeniyar Biyana ta 1969 ya hana ƙasa fakewa da dokar gida don saɓa alkawari.

Wannan ne ya sa wakilan mazaɓun Doguwa/Tudun Wada da Kiru/Bebeji ke da hannu a lamarin: ƙuri’arsu na cikin waɗanda ke mayar da sa hannun shugaban ƙasa dokar da za a iya kai ƙara a kanta.