Ruwan Tiga da Ninkayar Yaran Kura

Baƙi a tsibiran Maldives kan sa gilashin ido da bututun numfashi, su kwanta kan ruwa suna kallon kifi don nishaɗi. A ƙasar Hausa kuwa, nutso sana'ar masunta ce: mutum ya dafa gora, ya riƙe homa, ya nutse don neman abinci, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934. Ninkayar da yaran Kura da Bunkure ke yi yau ba daga nan ta fito ba. Madatsar Tiga ce ta haife ta, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya biyo babbar hanyar ruwa ta Ruwan Kanya ya ratsa gonakin Kadawa.

Wani zai ce ai da ma akwai Kogin Kano da kududdufai, yara na wanka a ciki tun kaka da kakanni. Haka ne, amma ruwan damina ne. A da, kafin bazara kogin kan koma yashi, sai an tona a sami na sha. Ruwan noman rani shi ya zauna shekara cur, har ɗan manomi ya iya ruwa ba tare da ya gaji sana'ar su ba. Sai dai zaman da ya yi wa shinkafa da tumatir daɗi ya yi wa katantanwar da ke ɗauke da tsargiya daɗi ita ma, shi ya sa yaron da ya yini a ciki kan ga jini a ƙarshen fitsarinsa.