Gajeren Barde da Ingarma

A zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka soma amfani da lifidi da kwalkwali. Nauyinsu ya fi ƙarfin ƙuru, sai ingarma. Amma ba tsawon ƙafa ke sarrafa ingarma ba. Gajeren barde yakan rage igiyar likkafa, sirdi mai tudu gaba da baya ya riƙe shi, linzamin ƙarfe ya tsayar da dokin, zagi kuwa ya tallafe shi wajen hawa.

Fataken goro sun kai dawaki Salaga. Bayan yaƙin basasarta na 1892, wasunsu suka koma Zangon Kumasi, inda tsando ke kashe dawaki. Can doki ya yi tsada, sai sarakuna ranar Sallah.