Gandun dajin Ayar da Tenere: abin da ya kamata mu sani

Jama'ar Dabaga da ƴan uwa mazauna ƙetare, kun sha tambayarmu game da gandun dajin nan da ke arewa maso gabas da mu. To ga bayani a taƙaice.

Gwamnatin Nijar ta keɓe gandun Ayar da Tenere a shekarar 1988. Faɗinsa ya haura hekta miliyan 7 da dubu 700, abin da ya sa yake cikin mafi girma a Afirka. Ya haɗa gabashin duwatsun Ayar da yammacin hamadar Tenere. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya, amma a 1992, lokacin tawaye, aka mai da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari.

A cikinsa akwai barewa, ragon dutse, dila, yanyawa da birai. Jimina mai jan wuya kuwa, wadda iyayenmu suka saba gani, ta ɓace daga dajin. Sai dai waɗanda ake kiwo a killace a Iferwan. Farauta da mota, fari da sarar itace su suka rage namun, ga kuma zirga-zirgar masu neman zinari tun daga 2014.

Baƙo ɗan yawon buɗe ido yakan nufi tuddan rairayin Temet da Arakaw. A sauran yankin Ayar akwai garaken Timiya da ruwanta mai gangarowa daga dutse, da ruwan zafi na Tafadek, da tsaunin Bagzan mai tsayin mita 2,022, wanda babu kamarsa a Nijar. Kusa da hanyar Arlit akwai raƙuman dawan Dabus da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Shahararriyar itaciyar Tenere, wadda mota ta kayar a 1973, tana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin ziyara. Kada a shiga sai da ja-gora da kuma izinin hukuma.

Idan baƙi suka zo, direbobi, ja-gora, maƙeran azurfa da masu garaka duk suna samu. In namun suka ƙare, wannan abincin ma zai ragu. Don haka wanda ya ga mafarauta, ya sanar da ma'aikatan gandun daji ko maigari.