Harajin Coci a Jamus da Kujerun da Suka Wofinta

A Jamus, ofishin haraji ne ke riƙe da coci, ba farantin baiko ba. Duk wanda ke cikin rajista a matsayin ɗan Katolika ko ɗan Furotesta, ana ɗora masa ƙarin kashi 9 cikin ɗari a kan harajin albashinsa, ko kashi 8 a Bavaria da Baden-Württemberg, gwamnati ta karɓa, ta cire ladan aikinta, ta miƙa wa cocin. Tsarin mulkin Weimar na 1919 ne ya tabbatar da wannan dama, na 1949 kuma ya gaje ta.

A ganina wannan tsari ya ciyar da coci, amma ya toshe mata kunne. A 2022 mutum 522,821 suka fice daga cocin Katolika a hukumance, masu zuwa sujadar Lahadi ba su kai kashi 6 cikin ɗari na mabiya ba, duk da haka harajin shekarar ya haura Yuro biliyan 6. Dalilin a fili yake: harajin albashi yake bi, albashi kuwa yana hawa. Limamin da albashinsa ke zuwa ko an cika coci ko ba a cika ba, babu abin da zai tilasta wa shugabanninsa su tambayi inda jama'a suka shige.

Fitar ma ba a gaban fada ake yin ta ba. Mutum kan je kotun yanki ko ofishin rajista da katin shaidarsa, ya biya 'yan kuɗi, ya sa hannu. A birnin Kolon a 2021, lokacin da rai ya ɓaci kan yadda Kadinal Woelki, shugaban cocin Katolika na birnin, ya tafiyar da rahoton cin zarafin yara, samun ranar ganin ma'aikacin kotun ma sai da jira.

Masu kare tsarin na cewa da kuɗin ake riƙe makarantun renon yara da hidimar marasa galihu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai matakin da bishop-bishop na Katolika suka ɗauka a 2012 ya yi tsauri: wanda ya fice daga rajista ba shi da jibin Ubangiji, sai in yana bakin mutuwa. Wannan ya haɗa mai fushi da shugabanci da wanda ya bar bangaskiya a kwando ɗaya.

Kwanakin rufin asirin ma ƙidayayyu ne. Binciken Jami'ar Freiburg na 2019 ya yi hasashen mabiya za su ragu da kusan rabi kafin 2060, kuma masu biya mafi tsoka, 'yan haihuwar shekarun 1960, sun fara yin ritaya.