Kotu ta Buɗe Ƙofa, Siyasa ta Yanke Hukunci: Nazarin Abin da ya Biyo Bayan Soke Dakatar da Majalisar Dokokin Birtaniya a 2019

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ya biyo bayan hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a ranar 24 ga Satumba 2019, inda alƙalai 11 suka haɗu baki ɗaya cewa shawarar da Firaminista Boris Johnson ya bai wa Sarauniya Elizabeth II ta dakatar da zaman majalisar dokoki na makonni 5 ta saɓa wa doka. An bi diddigin matanin hukuncin, da ƙuri'un da aka kaɗa a Majalisar Wakilai, da sakamakon zaɓen Disamba 2019, da dokokin da aka kafa a 2022. Binciken ya gano cewa kotu ta mayar wa majalisa da lokacinta, amma rarrabuwar kan 'yan majalisar ta hana su cin moriyarsa, har gwamnatin da ta sha kaye a gaban alƙalai ta mayar da kayen jarin yaƙin neman zaɓe. Duk da haka ƙa'idar da hukuncin ya kafa tana nan daram, domin an yi masa biyayya nan take.

Muhimman kalmomi: Kotun Ƙoli, dakatar da majalisa, ficewa daga Tarayyar Turai, rabon iko, biyayya ga hukunci

1.0 Gabatarwa

Birtaniya ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya a rubuce. Mulkinta ya ginu ne a kan dokokin majalisa, da hukunce-hukuncen kotu, da al'adun da shugabanni suka gada suka kuma yarda su kiyaye. Daga cikin ikon da ya rage a hannun gidan sarauta akwai na dakatar da zaman majalisa, wanda Sarki ko Sarauniya ke zartarwa bisa shawarar Firaminista. Wannan dakatarwa ta bambanta da hutu. Hutu 'yan majalisa ne ke kaɗa masa ƙuri'a, kuma kwamitoci na iya ci gaba da aiki a cikinsa. Dakatarwa kuwa ba a neman amincewarsu, tana tsayar da muhawara da tambayoyi ga ministoci, sannan mafi yawan ƙudurorin da ba a kammala ba su kan faɗi.

Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce: idan kotu ta ce shugaban gwamnati ya rufe majalisa ba bisa ƙa'ida ba, wa ke cin riba a fagen siyasa, wa ke asara, kuma me ke wanzuwa bayan ƙura ta lafa?

2.0 Mahangar Masana da Hanyar Bincike

Masana shari'a sun rabu gida biyu a kan wannan hukunci. Farfesa John Finnis na Jami'ar Oxford yana cikin waɗanda suka soke shi, yana ganin alƙalai sun tsoma baki cikin lamarin da majalisa da masu zaɓe ne suka cancanci warware shi. Farfesa Mark Elliott na Jami'ar Cambridge kuwa yana cikin masu ganin cewa kotun ta yi amfani ne da tsofaffin ƙa'idoji a kan sabon yanayi. Galibin wannan muhawara ta karkata ga ingancin hujjojin shari'a. Wannan maƙala ta mayar da hankali ne ga ɓangaren siyasa, ta hanyar bin abubuwan da suka faru daki-daki a matakai uku: kwanakin farko, watanni uku zuwa zaɓe, da shekarun da suka biyo baya.

3.0 Tushen Rikicin

A zaɓen raba gardama na 23 ga Yuni 2016, kashi 51.9 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Yadda za a fice ɗin shi ne ya zama ƙarfen ƙafa. Sau uku Majalisar Wakilai tana watsi da yarjejeniyar ficewa da Firaminista Theresa May ta ƙulla, na farko da ratar ƙuri'u 230 a Janairu 2019. Johnson ya gaje ta a ranar 24 ga Yuli da alƙawarin ficewa ranar 31 ga Oktoba, ko da yarjejeniya ko babu, alhali mafi rinjayen 'yan majalisa ba su yarda a fice hannu rabbana ba.

A ranar 28 ga Agusta, minista Jacob Rees-Mogg ya jagoranci tawagar mashawartan Sarauniya zuwa fadarta ta Balmoral, aka amince da dakatar da majalisa daga mako na biyu na Satumba zuwa 14 ga Oktoba. Gwamnati ta ce tana buƙatar lokaci ne don shirya jawabin Sarauniya na buɗe sabon zama. 'Yan adawa suka ce toshe musu baki ake so a yi.

Kafin rufewar ta fara aiki, majalisa ta yi hanzari. A ranar 3 ga Satumba aka kayar da gwamnati da ƙuri'u 328 da 301, 'yan majalisa suka karɓe ikon tsara ajandar zama. Johnson ya kori 'yan jam'iyyarsa ta Conservative 21 daga rukuninta na majalisa, cikinsu har da tsofaffin ministocin kuɗi Kenneth Clarke da Philip Hammond, da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill. Dokar da ɗan majalisa Hilary Benn ya gabatar, wadda ta wajabta wa Firaminista neman ƙarin wa'adi idan ba a amince da yarjejeniya ba zuwa 19 ga Oktoba, ta samu sa hannun Sarauniya a ranar 9 ga Satumba. A wannan dare aka rufe majalisa cikin hayaniya. Wasu 'yan adawa suka ɗaga takardu da ke cewa an toshe musu baki, wasu suka yi dafifi a gaban kujerar Kakakin Majalisa John Bercow don hana shi tashi, sannan suka ƙi bin sa zuwa zauren dattawa inda ake karanta umarnin.

4.0 Hukuncin da Dalilansa

Kotuna biyu sun saɓa wa juna. Babbar Kotun Ingila, a ƙarar da Gina Miller ta shigar, ta ce lamarin na siyasa ne, ba hurumin alƙalai ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sikotland, a ƙarar da Joanna Cherry da wasu 'yan majalisa suka shigar, ta ce an yi dakatarwar ne don a daƙile majalisa. Kotun Ƙoli ta saurari ƙararrakin biyu daga 17 zuwa 19 ga Satumba, har tsohon Firaminista John Major, ɗan jam'iyyar Johnson, ya shiga a ɓangaren masu ƙalubalantar gwamnati.

Hukuncin da shugabar kotun, Lady Hale, ta karanta ya tsaya a kan ginshiƙai biyu: fifikon majalisa wajen yin doka, da wajabcin gwamnati ta amsa tambayoyin majalisa. Kotun ta dogara har da wani hukunci na 1611 wanda ya ce sarki ba shi da wani iko sai wanda dokar ƙasa ta ba shi. Ma'aunin da ta kafa shi ne: dakatarwa haramtacciya ce idan ta hana majalisa gudanar da aikinta ba tare da dalili mai ma'ana ba. Rufewar ta cinye makonni 5 daga cikin 8 da suka rage kafin ranar ficewa, kuma shaidar da Major ya bayar, wadda ba a musanta ba, ta nuna cewa shirya jawabin Sarauniya kan ɗauki kwana 4 zuwa 6. Kotun ba ta ga wani dalili ba a cikin takardun gwamnati. Ta kuma kauce wa yanke hukunci a kan niyyar Johnson, ta tsaya a kan tasirin matakin. Ta ce umarnin tamkar farar takarda ne, don haka majalisa ba ta taɓa dakatuwa ba.

5.0 Sakamakon Siyasa

5.1 Kwanakin Farko

Labarin ya iske Johnson a New York wajen babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya ce bai yarda da hukuncin ba amma zai mutunta shi, ya kuma katse tafiyarsa. Jagoran jam'iyyar Leba, Jeremy Corbyn, ya nemi ya yi murabus daga dandalin taron jam'iyyarsa a Brighton. Washegari, 25 ga Satumba, majalisa ta koma zama, Bercow ya ba da umarnin a goge batun dakatarwar daga kundin zama.

Wanda ya yi tsammanin gwamnati za ta dawo da kai a sunkuye ya sha mamaki. Antoni Janar Geoffrey Cox, wanda shi ya ba da shawarar cewa matakin halal ne, ya miƙe ya kira majalisar matacciya, wadda ba ta da haƙƙin ci gaba da zama tunda ta ƙi yarda a yi zaɓe. Johnson ya dinga kiran dokar Benn da dokar miƙa wuya. Da 'yar majalisa Paula Sherriff ta roƙe shi ya sassauta harshe, tana tuna masa da kisan abokiyar aikinsu Jo Cox a 2016 da barazanar da suke samu, sai ya yi fatali da ƙorafin nata. A wannan zama aka ga dabarar gwamnati a fili: ta bar batun doka, ta koma cewa majalisa da masu shigar da ƙara suna tare hanyar abin da talakawa suka zaɓa.

5.2 Daga Kotu zuwa Akwatin Zaɓe

A nan ne raunin 'yan adawa ya bayyana. Suna da yawan da za su kayar da gwamnati, amma ba su gabatar da ƙudurin yanke ƙauna ba, domin sun kasa daidaitawa a kan wanda zai riƙe gwamnatin wucin gadi. Jam'iyyar Liberal Democrat ƙarƙashin Jo Swinson ta ƙi amincewa da Corbyn, Leba kuma ta ƙi amincewa da wani. Sun san abin da ba sa so, ba su haɗu a kan abin da suke so ba: wasu na neman sabon zaɓen raba gardama, wasu na son soke ficewar gaba ɗaya, wasu na son ficewa mai sassauci.

Ya kamata a lura cewa makamin da ya fi ɗaure gwamnati, wato dokar Benn, an ƙera shi ne kafin hukuncin. Lokacin zaman da kotu ta mayar wa majalisa bai haifar da wata doka mai nauyinta ba. Johnson ya cimma sabuwar yarjejeniya da Tarayyar Turai a ranar 17 ga Oktoba. A zaman Asabar na 19 ga wata majalisa ta jinkirta amincewa da ita, dole ya aika da wasiƙar neman ƙarin wa'adi, ya aika da ita ba sa hannu. A ranar 22 ga wata ƙudurin yarjejeniyar ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'u 329 da 299, amma aka ƙi jadawalin gaggawar da ya nema. Daga ƙarshe 'yan adawa, waɗanda sau uku suka hana shi kashi biyu cikin uku da wata dokar 2011 ta tanada don kiran zaɓe, suka amince da wata doka ta musamman da ta sa zaɓe ranar 12 ga Disamba.

Conservative ta lashe kujeru 365 da rinjayen 80. Leba ta samu 202, mafi ƙaranci tun 1935. Swinson ta rasa kujerarta, haka ma Dominic Grieve da David Gauke, waɗanda suka tsaya a matsayin 'yan takara masu zaman kansu bayan korarsu daga rukunin Conservative. Birtaniya ta fice ranar 31 ga Janairu 2020. Ba za a ce hukuncin ne ya jawo wannan sakamako ba, domin gajiyar jama'a da dambarwar ficewa da rashin farin jinin Corbyn sun taka rawa babba. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, samun shugaba da keta doka bai hana masu zaɓe ba shi rinjaye ba bayan makonni 11.

5.3 Ramuwa ta Hanyar Doka

Takardar manufofin Conservative ta 2019 ta yi alƙawarin sake duba alaƙar gwamnati da majalisa da kotuna. A 2020 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Lord Faulks don nazarin ikon kotuna na bitar matakan gwamnati. Rahotonsa na 2021 bai goyi bayan gagarumin sauyi ba, kuma dokar da ta biyo baya a 2022 gyare-gyare masu iyaka ta yi. Wata dokar ta 2022 ta soke ta 2011, ta mayar wa Firaminista ikon neman rushe majalisa don zaɓe, tare da sashen da ya hana kotuna bincikar wannan iko. Da darasin 2019 aka rubuta wannan sashe. Sai dai ya shafi rushewa ne kawai, bai taɓa dakatarwa ba. A lokacin, gwamnati mai rinjayen 80 tana da ƙarfin soke ƙa'idar Miller da Cherry da doka guda, amma ba ta yi ba.

6.0 Tattaunawa

Abin da ya ba hukuncin ƙarfi shi ne biyayyar da aka yi masa cikin kwana guda. Tarihin Nijar ya nuna ɗaya fuskar. A 2009, da Kotun Tsarin Mulki ta ƙi amincewa da zaɓen raba gardamar tazarce, Shugaba Mamadou Tandja ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun kanta a ƙarshen Yuni, rikicin kuma ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Alƙalan ƙasashen biyu sun yi aikinsu. Bambancin yana ga abin da mai riƙe da mulki ya yi da hukuncin, da kuma ko na kusa da shi za su bi shi idan ya bijire.

Faɗuwar Johnson ma ta ƙarfafa wannan fahimta. Murabus ɗin ministocinsa ne ya tilasta masa sanar da sauka a Yuli 2022, kuma kwamitin majalisa ne ya same shi a 2023 da yaudarar zauren a kan wani batu daban. Hukuncin siyasa ya zo ne daga jam'iyya da majalisa, a lokacin da suka ga dama.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hukuncin 2019 ya cimma abin da kotu ke iya cimmawa: ya tabbatar da cewa Firaminista ba zai rufe majalisar da yake amsa tambaya a gabanta ba sai da dalili. Bai kuma iya yin abin da ya fi ƙarfin kotu ba, wato haɗa kan 'yan majalisa ko sauya ra'ayin masu zaɓe. Masu kishin mulkin doka suna da haƙƙin yin alfahari da wannan hukunci, amma kuskure ne su ɗora wa alƙalai nauyin da ke wuyan 'yan siyasa. Majalisar da aka mayar wa da kujerunta tana buƙatar manufa guda da jagoran da za ta taru a bayansa, in ba haka ba wanda ya rufe ta zai sake samun galaba a kanta, wannan karon ta hanyar ƙuri'a.